Ƙusar da Muka Zare a Bangon Kaka

Wata a cikinku ta rubuto mini cewa ba ni da taushin zuciya, wai ko labarin soyayya nake bayarwa kamar mai karanta takardar asibiti. Na ji. Shekara tara na yi a garin da ba a tambayar mutum ya gida sai da dalili, wata takwas ba za su wanke wannan ba. Amma yau laifina zan faɗa, sai ku gyara zama.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce autar Umma. Da na dawo daga karatu na kama aiki a sakandaren 'yan mata ta addini da ke bayan unguwarmu. Ba aji nake shiga ba, ƙungiyar taimakon al'umma aka damƙa mini. Duk Alhamis bayan azahar nakan ɗebi ɗalibai mu je gidan marayu, ko asibiti, ko wurin tsofaffin da ba su da kowa, mu yi shara da wanki, mu yi musu karatu. Kowane aiki da fom ɗinsa. Kuma ina da doka: a ɗauki hoto kafin a taɓa komai, a ɗauki wani bayan an gama. Can na koyo. Yaran suna kirana Anti Fom a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba.

Sai kuma Safiyo. Awon filaye yake yi. Dogo ne, takalminsa kullum da laka, kuma bai iya kalamai ba. Saƙo mafi daɗi da ya taɓa turo mini shi ne: "Na auna. Daga ofishina zuwa ƙofar makarantarku mita dubu biyu da ɗari huɗu ne. Ba nisa." Har yau ban goge shi ba.

Kakarsa ce ta raine shi tun yana ɗan shekara huɗu. Idonta ya tafi shekara goma sha biyar ke nan, kuma ya faɗa mini ƙiri-ƙiri ba zai turo kowa gidanmu ba sai ta ce to. Sau biyu na je gaishe ta. Zuwan farko ta shafa tafin hannuna ta ce, "Laushi." Na biyu ta ce, "Au, mai akwati ce?"

Maganar akwatin daga gidanmu ta fita. Umma ta faɗa wa maƙwabciya, maƙwabciya ta faɗa a layin awon jini, ta isa kunnen Kaka kafin ni.

"Auta, wai kin dawo ne ko ziyara kika zo?" Umma ke nan, a tsaye a ƙofar ɗakina da kofin shayi. Akwatunana biyu suna nan a gindin taga yadda na sauke su. "Wata takwas kina zaro riga kamar mai kwana a tasha. Ga durowa nan wayam, gizo-gizo ya yi aure a ciki har ya haihu."

"Zan kwashe, Umma."

"Shi kuma mai awon naki, ya gama aunawa ko har yanzu igiya yake ja? Gwaggonki ta kira sau uku. Na rasa ƙaryar da zan yi mata."

"Kakarsa muke jira."

"Ita ma ke take jira. Shekara talatin na yi ina koyarwa, na san ɗalibar da ta zo zama, na san wadda take kallon ƙofa."

Ga abin da Umma ba ta sani ba, Safiyo ma bai sani ba, ku ne na farko. A aljihun akwati na biyu akwai takarda. Wurin da na yi aikin gwaji a can sun kira ni in koma, suna jiran amsa zuwa ƙarshen wata. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ninke ta na tura ƙarƙashin safa.

Ranar Talata Safiyo ya turo: "Alhamis zan kai Kaka awon suga. Layin yana da tsawo, sai yamma. Daga nan in na sauke ta zan wuce aiki bayan gari, sai Lahadi."

Nan dabara ta faɗo mini. Jerin sunayenmu na tsofaffin da ba su da mai kula da su ne. Kaka kuwa tana da jika, tana da 'ya a ɗaya sashen gidan. Duk da haka na ɗauki biro na ƙara sunanta a ƙasa. Na ce bari ta dawo ta tarar da ɗaki kamar na amarya, ta san hannun nan mai laushi yana aiki.

Ɗalibai shida na ɗauka, duk 'yan aji biyar, cikin dogon hijabinsu ruwan toka da farar safa. Biyu kawai za ku riƙe: Hedigel, shugabar ɗalibai, mai magana kamar ana cajinta kuɗin kalma, da Rediyo, wadda sunan ya ishe ku bayani. Gwaggon Safiyo, 'yar Kaka ɗin, ta buɗe mana tana ta sa albarka, ta koma kan keken ɗinkinta.

Ɗakin kuwa sai wanda ya gani. Gadon ƙarfe a karkace a tsakiya, bai jingina da kowane bango ba. Igiya daga ƙafar gadon zuwa ƙofar banɗaki. Gwangwanaye bakwai a kan taga, kowanne an ɗaure masa tsumma da ƙulle-ƙulle. Kujera a bayan ƙofa. A bango ɗaya kuma ga wata ƙusa mai tsatsa daidai ƙirjin mutum, ba a rataya mata komai ba, kewayenta ya yi baƙi ƙirin da maiƙon hannu.

"Anti, girgizar ƙasa aka yi a nan?" in ji Rediyo.

"Hoto tukuna."

Aka ɗauka, lungu da saƙo. Muka tura gado jikin bango. Muka wanke gwangwanaye, muka yanke tsummokaran, muka jera su daga babba zuwa ƙarami. Da na kai hannu kan igiyar, Hedigel ta ce, "Anti, anya ba ta da amfani?"

"Haɗari ce. Tsoho da igiya a ƙasa, karaya ke nan." Har kwas na yi a kan wannan, da satifiket.

Ƙusar kuwa ita ta jawo wa kanta. Rediyo ta zo wucewa da bokiti, ta kama mata hijabi, ƙyat, ta yage shi.

"Wayyo, Mamana za ta yanka ni!"

"A zare ta," na ce.

Aka zare. Rediyo ta jefa ta a jakar fensirinta, wai shaidar da za ta nuna a gida. Muka toshe ramin da filasta, muka shafe bangon da ragowar fentin da aka yi wa masallacin makaranta. Awa uku. Da muka tsaya a ƙofa muna ɗaukar hoton ƙarshe, wallahi har wani daɗi na ji yana hawa mini kai.

Juma'a shiru. Asabar shiru. Na ce yana bayan gari, babu sabis. Lahadi da rana waya ta yi ƙara.

"Ke kika je ɗakin Kaka?"

"E. Ta ji daɗi?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake.

"Ta buge ƙauri da gado sau biyu. Ta zuba gishiri a shayi. Duk wannan dariya ta yi."

"To alhamdu lillahi."

"Ƙusar fa?"

"Wace ƙusa?"

Sai ya kira. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce marigayi kakansa ne ya kafa ta shekarar da idonta ya fara tafiya. In ta sauko daga gado ta yi taku uku, ta ɗora hannun dama a kan ƙusar, to alƙibla take kallo. Ranar Alhamis ta laluba ba ta ji ta ba. Ba ta tambayi kowa ba, don Kaka ba ta tambaya. Ta yi lissafi daga gado, gadon kuwa mun juya shi. Sai yau da ya dawo ya leƙa ya same ta tana salla tana kallon ƙofar banɗaki.

"Salla goma sha huɗu," ya ce. Mai awo ne, sai da ya ƙirga.

Na zauna a kan akwati. "Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, shi ne abin tsoron. Na ce bari in ɗauko na'ura in fitar mata da alƙibla daidai, in kafa sabuwa. Ta ce wanda ya zare shi zai mayar."

Da na faɗa wa Umma, ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. "Garin neman ƙiba an samo rama. Ke da ba ki iya kwashe akwatinki ba, ɗakin wata kika je gyarawa?"

Litinin na tara yaran na faɗa musu gaskiya, har da yadda sunan ya shiga jeri. Rediyo ta fashe da kuka. Hedigel ba ta ce ai na faɗa ba, ta dai duƙar da kai, abin da ya fi faɗar ciwo. Na nemi izinin Shugabar makaranta, ta sa hannu a fom ɗin ba ta ɗago ba, ta ce, "Wannan karon ki tambayi mai ɗakin."

Washegari riga uku na zaro kafin na tsaya a kan doguwar baƙa marar ado da mayafi ruwan ƙasa. Na cire agogo. Ban san dalili ba, matar ba gani take ba.

Muka same ta a bakin gado, 'yar ƙarama cikin farin mayafi, carbi a hannu. Safiyo yana tsaye a ƙofa, tef ɗin awo a aljihu. Muka durƙusa mu bakwai.

"Su wane ne?"

"Mu ne, Kaka."

"Mu ne ba suna ba ne. Ɓarayin Alhamis ne?"

Yaran suka ƙunshe dariya cikin hijabi.

"Ɓarawo ma in ya shiga ɗaki yakan bar wa mutum gabas ɗinsa."

Hedigel ta yi gyaran murya. "Kaka, malaminmu na fiƙihu ya ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla, ko ya kuskure..."

"Sallarsa ta yi. Na sani tun ba a yaye malaminku ba, 'yar nan. Ubangiji ya san inda na nufa. Ni ce ban san inda nake ba."



Na ce, "Kaka, ki yafe mini. Ni na sa su. Muna da hotunan yadda ɗakin yake, in kin yarda mu mayar."

"Hoto." Ta juya kalmar a baki. "To ashe bokon yana da rana. Ku mayar in ji."

Muka shiga aiki, waya a hannun Hedigel tana ba da umarni. Ƙafar gado a kan tayil na huɗu daga taga. Kujera bayan ƙofa. Muka buɗe hoton gwangwanayen muka ƙara masa girma: ƙulli ɗaya suga, biyu gishiri, uku ganyen shayi, huɗu allura da maɓallai, har zuwa na bakwai na magani. Rediyo ta ƙarasa yaga gefen hijabinta da ya riga ya lalace, aka yi tsummokaran da shi. Kaka tana karɓar kowanne ta shafa, ta jijjiga a kunne, ta ce "Uhum," ko ta ce "Wannan ƙullin na malalaciya ne, sake."

Da aka ɗaure igiyar ta ce, "Ina Antin taku? Ku rufe mata ido."

"Na'am, Kaka?" na ce.

"Da mayafinta. Ta tashi daga gadon nan ta je banɗaki, kada ta taɓa igiya, tunda haɗari ce."

Wato gwaggo ta ji ni ranar, ta kuma kai rahoto. Rediyo ce ta ɗaure ni, kuma ta ɗaure da gayya. Taku biyu na yi na rasa gabas da yamma. Na uku na haɗu da kujera, ƙaurina ya ce ƙwas. Yara shida suka zube ƙasa da dariya, na jiyo har da wata ƙatuwar murya daga ƙofa.

"Kai kuma dogon banza, me ya ba ka dariya? Kai da ka faɗa rijiyar wanka da idonka biyu?"

Na kai hannu zan kwance, ta ce, "Bar shi. Saura ƙusa."

Nan hoton ya gaza. Daga gefe aka ɗauke shi, bangon kuma yanzu fari fat ne daga sama har ƙasa. Na ji ƙarar tef ɗin Safiyo yana zarowa.

"Mayar da abin nan aljihu kafin in saɓa maka."

Gado ya yi ƙara, ta miƙe. Ta kama wuyan hannuna da yatsu kamar filaya. Ɗaya, biyu, uku. Ta ɗaga hannuna ta manna shi a bango, nata a kan nawa.

"Shafa."

"Ba komai, Kaka. Fenti ne."

"Ba da sauri ba. Ku komai da sauri. Shafa."

Na sassauta. A ƙarƙashin ɗan yatsana na tsakiya sai na ji wani ɗan tudu, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Filastarmu ce. Ko da faɗin yatsa ɗaya hannunta bai kauce ba.

Ba zan ce muku na yi kuka ba. Mayafin ne ya matse mini ido.

Rediyo ta zazzage jakar fensiri ta fito da ƙusar. Gwaggo ta kawo guduma. Da ido buɗe na kafa ta, duk da haka sai da na daki babban yatsa. Kaka ta ɗora hannu a kai, ta ɗan girgiza ta, ta tsaya tana fuskantar inda ta saba fuskanta. Sannan ta ce kowa ya fita, ban da mai akwati.

Ta koma bakin gado, ta daki gefenta. Na zauna.

"Tambaya ɗaya. Don Allah kika gyara ɗakin nan, ko don wancan dogon?"

Na duba ƙofa. Na duba yatsana da ya fara kumbura.

"Don shi."

"Madalla. Da kin ce don Allah da na kore ki." Ta ja carbi biyu. "Shekarar da idon nan ya fara tafiya, 'ya'yana suka ce a kai ni wani gari wurin babbarsu, can ne za a kula da ni. Har an ɗaure kayana. Tsohon bai yi musu da kowa ba. Ya ɗauko guduma ya kafa wannan, ya ce mai ƙusa a bango ba ta zuwa ko'ina. Aka kwance kaya."

Ta gyara mayafi ta ci gaba.

"Ni karatunki bai dame ni ba, laushin hannu ma yana warkewa. Yaron nan uwarsa ta tafi ta bar shi yana shekara huɗu, ba da sonta ba, Allah ya ji ƙanta. Wata shida yana kwana riƙe da gefen zanena. Ba zan ba da shi ga wadda za ta shigo ta gyara masa komai tsaf, ya saba, sannan ta ɗauki akwatinta ta bar shi yana laluben bango ba. Miƙo mini mai ƙulli huɗu."

Na miƙa. Ta tona cikin maɓallai ta zaro wata ƙusa, irin waccan sak, sai dai ba a taɓa dukanta ba.

"Biyu ya saya. Ungo. Asabar zan sa a kawo ni in gaida uwarki. Zan shiga ɗakinki in shafa bango. Mutane suna yi mini ƙarya, bango bai taɓa ba."

"In ba ki ji komai ba fa, Kaka?"

"Sai in sha shayi in yi muku addu'a in dawo. Ba faɗa. Tashi, la'asar tana wucewa, ina da alƙibla yau."

A waje yaran sun kewaye Safiyo, Rediyo tana tambayarsa ko gaskiya ne ya faɗa rijiya. Hedigel ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Anti, a ƙara layi a fom ɗin: an tambayi mai ɗaki?" Na ce ta rubuta da hannunta, a saman komai.

Na mayar da su makaranta, na kama hanyar gida a ƙafa, ƙusar a dunƙule a tafina. Juma'a ce ƙarshen wata. Asabar Kaka. Waya ta yi ƙara a jaka. Safiyo ne.

"Ta ce in kawo miki guduma gobe. Ban gane ba. Me za ki kafa?"

Na rubuta amsa sau uku ina gogewa. Ban tura komai ba.

Gidan shiru, ƙamshin sabulun wanke ƙasa har zaure. Na tura ƙofar ɗakina, na tsaya.

Gindin taga fayau. Akwatunan biyu suna can saman durowa, a buɗe baki, babu komai a ciki. Rigunana a rataye daga doguwa zuwa gajera. Takalma a jere. Safa a ninke bibbiyu.

Umma tana zaune a bakin gadona, tabarau a kan hanci, takardar nan a buɗe a kan cinyarta, ta shafe ninkin da tafin hannu har ya kwanta.

"Na ga kowa yana taimakon al'umma," ta ce, "shi ne ni ma na yi miki gyara."

Ƙusar ta soke ni a tafi.

"Rufe ƙofar, Auta. Zauna."